Martani: Sojan Da Igwa Ta Kurumta Ba Bara Yake Yi Ba

Makon jiya wani ɗan'uwa marubuci da nake ganin girmansa ya yi rubutu a wannan fili kan tsofaffin sojojin Amurka da diyyar naƙasa da gwamnatinsu ke biyansu. Abin da ya ce a taƙaice shi ne an mayar da tsarin saniyar tatsa: kowa ya tuɓe kaki sai ya ce kunnensa na ƙara, gwiwarsa na ciwo, in an hana shi ya ɗaukaka ƙara, in an sake hanawa ya sake komawa, har jami'ai su gaji su ba shi. Ya ce kunne da gwiwa ai tsufa ke cinye su, ko soja ko farar hula. Ya rufe da gargaɗin kada ƙasashenmu su kuskura su kwaikwayi wannan hanya. Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, mujallar The Economist ta Ingila ma ta yi makamanciyar maganar a watan Nuwamban 2024. Malam, da dukkan girmamawa, ban yarda ba.

Rubutunka ya ɗauko labarin daga tsakiya. Ka nuna mana tsohon soja riƙe da fom, amma ba ka faɗa mana abin da aka karɓe masa kafin a miƙa masa fom ɗin ba. Tun 1946 doka ta ba farar hula a Amurka damar maka gwamnati a kotu idan sakacin ma'aikacinta ya jikkata shi. Soja kuwa an rufe masa wannan ƙofa. A 1947 gobara ta tashi a wani bariki a jihar New York, Laftanar Rudolph Feres ya mutu a ciki, matarsa ta kai ƙara. A 1950 Kotun Ƙoli ta yanke cewa soja ba zai kai gwamnati ƙara kan abin da ya same shi a bakin aiki ba, kuma cikin dalilan da alƙalan suka kawo har da cewa ai an tanadar wa sojoji tsarin diyya. Har gobe hukuncin yana aiki. Saboda haka kuɗin da kake kira kyauta musanya ce. An karɓe wa mutum haƙƙin zuwa kotu, aka nuna masa Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji, wadda suke kira VA, aka ce je ka can. In ita ma ta hana shi, ina kake so ya nufa?

Ita ma wannan ƙofa ɗaya tilo an daɗe babu alƙali a bayanta. Daga 1933 zuwa 1988 doka ta hana kotuna duba hukuncin ma'aikatar kan diyya, ƙarshen tafiyar mai koke shi ne wata hukuma da ke cikin ma'aikatar kanta. Lauya kuma tun 1864 aka ƙayyade masa ba zai karɓi fiye da dala 10 ba a irin wannan aiki, farashin ya zauna haka shekara 124, har ya zama babu lauyan da zai waiwayi fayil ɗin tsohon soja. Sai a 1988 majalisa ta kafa musu kotu ta musamman. Haƙƙin da kake ganin ya yi yawa bai cika shekara arba'in da samuwa ba.

Mu zo kan kunne, don a nan ka fi zafafawa. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da desibel 85 na tsawon awa takwas a matsayin iyakar abin da kunne ke jurewa, ƙara mai fashewa lokaci guda kuma kada ta haura 140. Bindigar M16 tana kai wajen 157 a kunnen mai harbi. Igwa ta fi haka, sannan ga masu aiki a kan jiragen ruwan yaƙi inda jiragen sama ke tashi ta gefen kafaɗarsu dare da rana. Can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma a jikin ɗan Adam in suka mutu ba sa sake tsirowa. Shi ya sa ƙarar kunne ta zama lalura ta ɗaya a jerin abin da ma'aikatar ke biya, da mutum sama da miliyan biyu, raunin ji kuma sama da miliyan ɗaya. Kai ka dubi alƙaluman ka ga ƙarya. Ni abin da na gani shi ne yawan mutanen da gwamnati ta tsayar kusa da bakin bindiga.

Batun tsufa kuwa, likitocin kunne ba makafi ba ne. Tsufa yana zaftare ji ne a hankali, ita kuwa ƙarar bindiga da inji takan bar wani rami na musamman a takardar gwaji, a wajen sautuka masu kaifi. Doka ma ba ta biyan kowa don kawai ya tsufa. Dole ya nuna yana da lalurar yanzu, ya nuna abin da ya faru da shi a lokacin aiki, sannan a sami hujjar likita da ta haɗa biyun.

Da ma ka bayyana wa masu karatu yadda ake gwajin, da sun fahimci inda ƙorafin ke fitowa. Ana shigar da mutum wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa yadda ko motsin waje ba ya shiga, a ja ƙofa mai nauyi a rufe, a ɗora masa abin sauraro a kunne, a ba shi maɓalli ya danna duk sanda ya ji ɗan sauti. Daga nan a kunna wata murya da aka naɗa, tana faɗin gajerun kalmomi 50 ɗaya bayan ɗaya, yana maimaitawa. Babu fanka, babu mota, babu yaro mai kuka, babu mutum biyu masu magana lokaci guda. Sai a kwashi lambobin a zuba a jadawali, abin da jadawalin ya ce shi ke nan. Ɗauki wanda kunnuwansa biyu suka yi asarar desibel 55, amma a cikin wannan shiru ya tsinci kalma 46 daga 50. Ka tuna hirar yau da kullum tsakanin mutum biyu wajen desibel 60 take. Jadawalin ya ba wannan mutum sifili. An yarda aikin soja ne ya lalata masa kunne, za a ba shi na'urar taimaka wa ji kyauta, amma ko sisi ba zai gani ba. Shi kuwa a gida sai matarsa ta ɗaga murya, jikarsa ta yi magana ya ga leɓe kawai na motsi, in an taru ana hira ya koma gefe ya yi shiru don ba ya tsintar komai. Wannan mutum in ya ce a sake duba masa, kwaɗayi ne?

Kotunsu da kanta ta faɗa tun 1992 cewa lissafin raunin ji aikin zuba lamba a jadawali ne kawai. Sai a 2007, a shari'ar Martinak, aka tabbatar cewa wajibi ne mai gwaji ya rubuta yadda lalurar ke shafar aikin mutum da zamansa na yau da kullum. Ta hanyar ɗaukaka ƙara aka samu wannan. Bayan shekara biyu wasu masana biyu na jami'ar Harvard, Kujawa da Liberman, suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙara na iya tsinka mahaɗar ƙwayoyin kunne da jijiya, alhali gwajin cikin shiru yana nuna ji ya dawo daidai. Ilimi yana tafiya, jadawali yana nan inda yake.

Ka yi gaskiya da ka ce babu injin da ke auna ƙarar da mutum ke ji a cikin kansa. To nawa ake biya a kai? Kashi 10 cikin ɗari, shi ne ƙololuwa, ko kunne ɗaya ne ko biyu, ko tana hana barci ko ba ta hanawa. A 2025 dala 175.51 ke nan a wata, kuɗin da ba zai biya hayar ɗaki na mako guda ba a manyan biranen Amurka. Adadin da masu irin ra'ayinka ke ɗagawa sama, dala 3,831.30 a wata a 2025, na wanda aka tabbatar ya naƙasa ɗari bisa ɗari ne. Kuma da wuya a kai can ta hanyar tara ƙananan lalurori kamar yadda ka nuna, don lissafinsu ba tarawa ba ne. Kowace sabuwar lalura ana cire ta ne daga abin da ya rage na lafiyar mutum. Mai 50 da 50 yana tashi da 75, a mayar 80. Mai 90 in aka ƙara masa 10 na ƙarar kunne ya zama 91, a dawo da shi 90, bai ƙaru da komai ba. Ko wannan kashi 10 ɗin ma, a watan Fabrairun 2022 ma'aikatar ta fito da shawarar daina biyansa shi kaɗai.

Na yi mamaki da ko sau ɗaya ba ka ambaci toshen kunne na kamfanin 3M ba. Wajen 2003 zuwa 2015, lokacin yaƙin Iraƙi da Afganistan, an raba wa sojoji wani toshen kunne mai kai biyu. A 2018 kamfanin ya biya gwamnati dala miliyan 9.1 don kashe zargin cewa ya sayar da shi yana sane da aibinsa. A watan Agustan 2023 ya amince zai biya dala biliyan 6 don sasanta ƙararrakin mutum sama da dubu 200, ko da yake bai amsa laifi ba. Waɗannan samari sun sa abin da aka ba su, sun yi abin da aka umarce su.

Waɗanda suka gabace su kuwa matsalarsu ta takarda ce. Sojojin yaƙin duniya na biyu da na Koriya da yawa gwajin raɗa kawai aka yi musu: likita ya tsaya nesa kaɗan ya yi raɗa, in ka ji an ce kunnenka lafiya. Rahoton Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka na 2006 ya nuna an daɗe ba a yi wa sojoji cikakken gwajin ji a shiga da fita yadda ya kamata. Sannan ranar 12 ga Yulin 1973 gobara ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a ma'ajiyar takardu ta St. Louis, ciki har da kusan kashi 80 na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Gwamnati ce ba ta auna ba, a hannunta takardun suka ƙone, sannan a ce da tsoho ya kawo hujja. Tun 1993, a shari'ar Hensley, kotu ta ce samun ji daidai ranar sallama ba ya hana a danganta kurumtar da ta bayyana daga baya da aikin soja. Duk da haka an ci gaba da hana mutane da wannan dalili, kuma babu mai gyarawa sai an ɗaukaka ƙara.

Gwiwa ita ce ta fi ba ni takaici a rubutunka. A 2017 ofishin bincike na majalisar Amurka ya ba da rahoton cewa kayan da sojan ƙasa ke ɗauka, sulke da kwalkwali da bindiga da albarusai da ruwa da batura, sun kai wajen kilo 54. Buhun siminti kilo 50 ne. Da wannan kaya aka riƙa hawan duwatsun Afganistan, a diro daga mota, a durƙusa a miƙe sau ba adadi, ban da masu dira da lema daga jirgi. Wani bincike da aka buga a 2011 ya gano amosanin gaɓɓai ya fi yawa a cikin sojoji fiye da sa'o'insu farar hula, kuma ya fi kama ƙananan sojoji. Guringuntsin da ya kamata ya kai mutum shekara sittin ya cinye tun yana talatin da 'yan kai. Ga kuma halin bariki: mai neman ƙarin girma ba ya son a san shi da zaryar asibiti. Ya haɗiyi ibuprofen, ya ɗaure takalmi, ya koma layi. Bayan shekara ashirin jiki magayi, ya kai kuka, a buɗe fayil a ce ba a ga inda ya taɓa ƙorafi ba.

In ma an yarda aikin ne sila, sai a zo awo. Mai gwaji ya ɗora ma'aunin kusurwa, wata rula mai hannu biyu, a gefen gwiwa, ya ce lanƙwasa. Lafiyayyar gwiwa tana kai digiri 140. Kafin jadawali ya ba da kashi 10 sai ta tsaya a 45, kashi 20 a 30, kashi 30 a 15. Zama a kujera kawai yana buƙatar wajen 90. Tsugunno da zaman tahiya suna cin kusan lanƙwasar gaba ɗaya. Ke nan wanda gwiwarsa ta ƙage a 70, wanda ba ya tsugunawa, ba ya zama a kujera sai ya miƙe ƙafa, hawa bene sai ya kama ƙarfe, a wannan jadawali sifili ne. Abin da ke cetonsa wani sashe ne dabam da ya ce gaɓar da ke ciwo in an motsa ta a ba ta mafi ƙarancin kaso. Kuma awon na safiya ɗaya ne. Wataƙila ya sha magani kafin ya fito, wataƙila ranar ciwon bai tashi ba. Duk mai ciwon gaɓɓai ya san ranar hutu dabam, ranar da aka wuni a tsaye ko sanyi ya sauko dabam.

A 1995, a shari'ar DeLuca, kotu ta ce dole a lissafa raɗaɗi da gajiya da ranakun da ciwon ke tashi. A 2016, a shari'ar Correia, ta ce a auna gaɓa tana ɗauke da nauyi da kuma ba ta ɗauke da shi, mutum ya motsa da kansa, mai gwaji ma ya motsa masa. A 2017, a shari'ar Sharp, ta ce mai gwaji ba zai fake da cewa bai ga ranar tashin ciwon da idonsa ba, ya tambayi mai ciwon ya ƙiyasta. Shekara 22 kotu na nanata magana ɗaya. Wata tsohuwar soja, Melba Saunders, ta bar aiki a 1994 da ciwon gwiwa, sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke a shari'arta cewa raɗaɗi shi kaɗai, in yana hana mutum neman abincinsa, naƙasa ne ko likita bai sa masa suna ba. Da ta bi shawararka ta haƙura tun farko, da dubban masu irin ciwonta har yau ana korar su.

Kada ka ce son zuciyata ne. A 2010, ana sauraron wata shari'a a Kotun Ƙoli, lauyan gwamnati ya amsa cewa a mafi yawan shari'o'in tsofaffin sojoji da suka isa kotu, gwamnati ce ke ƙarewa da biyan kuɗin lauyansu. Doka kuwa ba ta sa gwamnati biyan wannan kuɗi sai in matsayin da ta ɗauka ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. Alƙalin Alƙalai John Roberts, wanda ba a san shi da sakin dukiyar gwamnati ba, ya nuna mamakinsa a fili. Wanda ya fi yawan kuskure a wannan tsari shi ne mai yanke hukuncin farko.

Ka ce suna ta komawa har a gaji da su, kamar abin daɗi ne. A tsohon tsari matsakaicin jira shekara uku ne, wanda ya kai har hukumar sauraron koke kuwa shida zuwa bakwai. Su da kansu suna da kirarin da suke yi wa ma'aikatar: a ja rai, a hana, har mutum ya mutu. In ya yi nasara a ƙarshe za a biya shi bashin baya, amma babu ko kwabo na ladan jira, don haka jinkirin shi kaɗai yake cutarwa. Dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2017, ta fara aiki a Fabrairun 2019, ta raba hanyar gida uku. Ko babban jami'i ya sake duba fayil ɗin ba tare da ƙarin komai ba, ko mutum ya kawo sabuwar hujja mai alaƙa da batun, ko ya tafi gaban alƙalin hukumar. Daga hukumar zuwa kotu kwana 120 kacal gare shi. Ba wanda ke cin nasara da naci kawai. Ko ƙa'idar da ta ce in hujjoji sun yi kunnen doki a ba tsohon soja gaskiya, a watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta taƙaita ikon kotunsu na sake auna ta.

Akwai maƙaryata, ban musa ba. Ana kama masu tafiya da sanda a harabar asibiti su jefar da ita a bakin mota, ana gurfanar da su, kuma ya kamata a ƙara. Akwai kuma kamfanonin 'yan kamasho marasa lasisi da ke cika wa mutane fom su karɓi ninki biyar na ƙarin da aka samu a wata, alhali doka ta hana karɓar kuɗi a kan buƙatar farko. Tun da aka cire hukuncin laifi daga dokar a 2006 suke cin karensu ba babbaka. Da a kansu ka zare alƙalami, da ni ne farkon mai mara maka baya. Amma kai ka bar ɓarawo ka kama wanda aka yi wa sata.

Gargaɗinka ga ƙasashenmu shi ya fi damuna. Mu da tsofaffin sojojinmu suka sha shimfiɗa tabarma a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja don neman haƙƙinsu, mu ne za a ja wa kunne kan yawan tausayi? Iyayenmu na Nijar da suka yi wa Faransa yaƙi sun ga yadda aka daskarar da fanshonsu tun 1959, kuma abin da ya fara karya wannan zalunci ƙara ce da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai, babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001. Yaran da ke Sambisa da bakin Tafkin Chadi yau kunne da gwiwa irin na kowa gare su. Abin kwaikwayo a tsarin Amurka shi ne a auna soja ranar da ya shiga da ranar da ya fita, a adana takardar, in an hana shi a rubuta masa dalili, kuma a sami alƙalin da ba ma'aikacin wanda ya hana shi ba ne.

Malam, ina roƙonka ka janye kalmar kwaɗayi, ba ta dace da waɗannan mutane ba. Ku kuma masu karatu da ke da ɗa ko ƙane da ya yi aikin soja a Amurka, ku gaya masa ya riƙe kwafin duk gwajin da aka yi masa, ya faɗa wa mai gwaji yadda yake a ranar da ciwon ya fi tsanani, ya nemi ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV da VFW da American Legion da ke wannan aiki kyauta. In wasiƙar hani ta zo kada ya jefa ta a durowa. Wa'adinsa shekara ɗaya ne daga ranar da ke kan wasiƙar.